Tallafin Gwamnati ga Ɗaliban Jami'a da Masu Karatu Daga Nesa: Tambayoyi da Amsoshi

Kowace ƙasa da tsarinta, kuma tsarin kan sauya da zarar gwamnati ta sauya. Tambayoyin ɗalibai ne kawai ba sa sauyawa. An tattara waɗanda aka fi yi a nan, da misalai daga ƙasashe daban-daban. Za ka lura da abu ɗaya yana ta dawowa: kafin hukuma ta dubi halin da kake ciki, irin rajistar da ka yi take fara dubawa.

Mene ne bambancin tallafi, gurbin karatu da lamuni?

Tallafi kyauta ne, ana ba da shi ne saboda rashin hali, kuma ba a biya. Misalinsa shi ne tallafin Pell na Amurka, wanda aka kafa a 1972, kuma mafi yawan abin da ɗalibi zai iya samu a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne. Gurbin karatu shi ma kyauta ne, sai dai ƙwazo ake dubawa, wani lokaci kuma da sharaɗin za ka yi wa wanda ya ɗauki nauyinka aiki na wasu shekaru. Lamuni kuwa sunansa bashi, ko da an lulluɓe shi da suna mai daɗi.

Akwai ƙasashen da ke haɗa biyu. A Jamus, tsarin BAföG da aka fara a 1971 yana ba ɗalibin jami'a rabi kyauta, rabi rance marar ruwa, kuma duk yawan abin da ya karɓa ba zai biya fiye da yuro 10,010 ba. A Nowe rance ake fara ba ka, in ka ci jarrabawa kuma ba gidan iyayenka kake zaune ba, sai a mayar da har kashi 40 cikin ɗari kyauta. Saboda haka kada ka tsaya ga sunan da aka rubuta a saman fom. Nemi layin da ya faɗi yaushe za a biya.

In an ce karatu kyauta ne a wata ƙasa, ai ba sauran maganar kuɗi?

Da saura. Jihohin Jamus sun soke kuɗin makaranta, ta ƙarshe a 2014, kuma ɗan Sikotland ba ya biya a jami'o'in Sikotland. Amma kuɗin ɗaki da littattafai da sufuri da abin sawa a baka suna nan daram, kuma sau da yawa sun fi kuɗin makarantar yawa. Shi ya sa ƙasashen da ba a biyan ko kwabo ma suke da hukumomin lamunin ɗalibai.

Ina karatu daga nesa. Ni ma ina da rabo?

A mafi yawan wurare kana da shi, amma ƙarami. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a taimaka maka da kuɗin makaranta, a bar ka da sauran.

Ɗauki Birtaniya, inda buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasar, Open University, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971. Ɗalibinta da ke zaune a Ingila zai iya karɓar lamunin kuɗin makaranta tun daga 2012. Amma da aka fito da lamunin ciyar da kai ga ɗaliban rabin lokaci a 2018, sai aka cire masu karatu daga nesa, in ban da wanda naƙasa ce ta hana shi zuwa aji. Abokin karatunsa da ke Wels, kwas ɗaya, littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya, shi yana samun tallafi da lamunin ciyar da kai tun daga wannan shekarar. Na Sikotland kuma in abin da yake samu a shekara bai wuce fam 25,000 ba, akwai tallafin kuɗin makaranta da ba ya biya. Jami'a ɗaya, ɗalibai uku, rabo uku, kuma abin da ya raba su adireshi ne kawai.

A Afirka ta Kudu, ɗaliban jami'ar Unisa, wadda ta fara koyarwa ta hanyar wasiƙa tun 1946, suna cikin waɗanda asusun tallafin ɗalibai na gwamnati, NSFAS, ke ɗauka, amma alawus ɗinsu bai kai na ɗaliban da ke zuwa aji ba, domin ba a lissafa musu masauki. A Amurka ba a bambanta ɗalibin intanet da na aji wajen tallafin Pell, muddin makarantar tana cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta amince da su.

To me ya sa ake rage mana?

Hujjar gwamnatoci ita ce mai karatu daga nesa yana gidansa, yana da aikinsa, bai bar garinsu ya je ya kama ɗaki ba. A takarda maganar ta zauna. A zahiri kuwa da yawa ba zaɓa suka yi ba. Ga uwa mai yara uku da ba ta iya buɗe kwamfuta sai sun yi barci, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga aikin da za ta miƙa kafin sha biyu, ga intanet yana ɗaukewa a tsakiyar turawa. Ga wanda ke jinyar mahaifinsa. Ga wanda jami'a mafi kusa da shi tafiyar yini ce. Waɗannan sukan rage awannin aiki don su yi karatu, albashi ya ragu, kuma kwamfuta da data da wuta da kuɗin motar zuwa cibiyar jarrabawa duk daga aljihunsu suke fitowa.

A ganina wannan shi ne babban giɓin tsarin. An kafa buɗaɗɗun jami'o'i, irin su IGNOU ta Indiya a 1985 da NOUN ta Najeriya da aka farfaɗo da ita a 2002, domin waɗanda ƙofar jami'a ta rufe wa. Sai kuma aka tsara tallafi da siffar matashi ɗan shekara 18 mai zama a ɗakin kwanan ɗalibai. Wels ta nuna cewa ana iya gyarawa in an ga dama.

Yawan kwasa-kwasan da na ɗauka yana da tasiri?

Sosai, har ya fi yadda ɗalibai ke zato. A Ingila sai nauyin karatunka ya kai aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibin cikakken lokaci kafin a ba ka lamuni. A Amurka lamunin tarayya yana buƙatar rabin lokaci ko fiye, tallafin Pell kuma yana raguwa gwargwadon raguwar kwasa-kwasanka. A Jamus BAföG na masu cikakken lokaci ne, don haka ɗalibin jami'ar karatu daga nesa ta Hagen da ya yi rajistar rabin lokaci ba ya ciki.

Nan ne ake yin kuskure iri biyu. Wani ya ajiye kwas ɗaya a tsakiyar zango don ya samu sauƙi, bai san ya faɗo ƙasa da ma'auni ba, sai kuɗi ya tsaya. Wani kuma ya jibga wa kansa kaya don ya cancanci alawus, ya kasa ɗauka, ya faɗi. Kafin ka ƙara ko ka rage ko da kwas ɗaya ne, tambayi ofishin kuɗin ɗalibai, kuma ka nemi amsar a rubuce.

Ta yaya ake gane wanda ke da buƙata?

Yawanci da kuɗin shigar gida, wato na iyaye ko na miji ko mata. A Afirka ta Kudu, bayan zanga-zangar ɗalibai ta 2015 kan kuɗin makaranta, Shugaba Jacob Zuma ya sanar a Disambar 2017 cewa 'ya'yan gidajen da ba su wuce rand 350,000 a shekara ba za su yi karatu kyauta. A Amurka fom ɗin FAFSA ne ke tattara bayanan, kuma ana ɗaukar ka a matsayin mai dogaro da iyaye har sai ka kai shekara 24, in ban da kana da aure ko 'ya'yan da kake ciyarwa ko wani dalili makamancin haka. A Ingila shekarun 25 ne.

Matsalar ma'auni ita ce wanda ya ɗara layin da kaɗan. Gidansu bai kai talaucin da za a ba shi ba, bai kai wadatar da za a biya masa ba. Akwai kuma wanda iyayensa ke da hali amma sun ƙi. Tsare-tsare da dama suna da ƙofa ta musamman ga wanda ya rabu da iyayensa, sai dai sai ka kawo shaida, kuma ba wanda zai gaya maka ƙofar tana nan in ba ka tambaya ba. Najeriya ta bi wata hanyar: dokar lamunin ɗalibai ta 2023 ta sa iyakar kuɗin shiga da sharaɗin kawo masu tsaya wa mutum, da aka sake dokar a Afrilun 2024 sai aka cire duka biyun.

Kuɗin hannuna zai shigo?

Na makaranta kai tsaye yake tafiya asusun makaranta, ba za ka gan shi ba. Na ciyar da kai ne ke shiga asusunka, wani wuri duk wata, wani wuri a farkon kowane zango. Kuma yawanci ba ya fitowa sai makaranta ta tabbatar wa hukuma cewa ka yi rajista, don haka makonnin farko da guzirinka za ka shiga.

Yaya ake biyan lamunin? Ina tsoron bashi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba duka bashi ne iri ɗaya ba. Lamunin ɗalibai iri biyu ne, kuma sanin wanne ka sa wa hannu ya fi sanin yawan kuɗin muhimmanci.

Na farko kamar rancen banki yake: an yanka maka adadi duk wata, kana da aiki ko ba ka da shi. Asalin tsarin Amurka ke nan, inda biya ke farawa wata shida bayan barin makaranta, kodayake akwai tsare-tsaren da mutum zai nema a daidaita masa da albashinsa. Kuma da wuya kotu ta yafe wannan bashin ko da mutum ya karye.

Na biyu yana bin abin da kake samu. Ostareliya ce ta fara shi a faɗin ƙasa a 1989 da tsarin HECS, wanda masanin tattalin arziki Bruce Chapman ya tsara, kuma hukumar haraji ce ke karɓa. Ingila ma haka take yi. Ga wanda ya fara karatu daga Agustan 2023, ana cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura fam 25,000 a shekara. Mu lissafa: mai albashin fam 30,000, abin da ya haura fam 5,000 ne, kashi 9 ɗinsa fam 450 a shekara, wato fam 37 da rabi a wata. Ko bashinsa fam dubu 20 ne ko dubu 60, abin da za a cire a wata bai sauya ba. In aiki ya tafi, cirewa ta tsaya. Abin da ya rage bayan shekara 40 a yafe. Waɗanda suka fara tsakanin 2012 da 2023 kuwa shekara 30 ce tasu. Wannan ya fi kama da ƙarin haraji na wani lokaci fiye da bashin da ke hana barci, kodayake shekara 40 kusan duk rayuwar aikin mutum ce, kuma bai kamata a raina hakan ba.

A Najeriya asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, yana fara karɓa shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima, kashi 10 cikin ɗari na albashi. A Jamus sai bayan shekara biyar da ƙarewar wa'adin tallafin.

Akwai kuɗin ruwa? Addinina bai yarda da riba ba.

Ya danganta da ƙasa. Na Jamus da na Najeriya babu ruwa. Na Amurka akwai. Ostareliya ba ta kiransa ruwa, tana dai ɗaga bashin duk shekara daidai da hauhawar farashi, abin da mutane ba su damu da shi ba sai a 2023 da ƙarin ya kai kashi 7.1 cikin ɗari. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka sauya lissafin, daga baya a 2025 aka rage wa kowa kashi 20 cikin ɗari na bashinsa. Maleshiya, ta hannun hukumar PTPTN da aka kafa a 1997, tana karɓar kashi 1 cikin ɗari da sunan ujra, wato ladan gudanarwa.

A Ingila maganar ta daɗe. Tun 2014 gwamnati ta ji ra'ayin jama'a kan tsari irin na takaful, inda ɗalibi zai karɓa daga asusun haɗin gwiwa ya kuma zuba wa na baya, an ma yi dokar da ta ba da dama a 2017, amma aka kwashe shekaru ba a fara ba, kuma akwai ɗaliban da suka fasa jami'a saboda haka. Ko ƙarin da ke bin hauhawar farashi riba ne ko a'a, wannan tambaya ce ta malamai. Ka kai musu takardar yarjejeniyar kanta su karanta, domin hukunci kan sauya da kalma ɗaya.

In na faɗi jarrabawa, ko na bar karatun fa?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fi yi, ita ce kuma ba a yi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kusan kowane tsari yana da sharaɗin ci gaba: Jamus na neman shaidar sakamako bayan zango na huɗu, Amurka na neman makaranta ta tabbatar kana tafiya yadda ya kamata, kuma tallafin Pell ba ya wuce kwatankwacin zango 12 a duk rayuwar mutum. Shekarar da ka maimaita daga cikin rabonka take fita.

Barin karatu ya fi muni. Bashin da ka riga ka ci yana kanka, ga shi babu takardar da za ta ƙara maka albashin biyansa. Wani lokaci kyautar ma takan juye: a Amurka wanda ya fita kafin ya cinye kashi 60 cikin ɗari na zango, sai a lissafa abin da bai cancanta ba a nemi a mayar. Masu karatu daga nesa sun fi faɗawa wannan ramin, domin su ba sa fita da sallama. Mutum ya daina buɗe shafin makaranta, mako ya zama wata, shi a ransa ya bari, makaranta kuwa tana lissafa shi ɗalibi tana karɓar kuɗi da sunansa. In abubuwa sun cakuɗe, rubuta ka nemi a dakatar maka da karatu ko a cire sunanka, da kwanan wata a jiki. Rashin lafiya da rasuwa da haihuwa duk dalilai ne da hukumomi da yawa ke karɓa, in an kai musu da wuri.

Na ga wata jami'ar intanet mai araha. Tallafi zai biya?

Sai in hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar ta amince da makarantar, da kuma ainihin kwas ɗin. Duba jerin sunayen a shafin hukumar, kada ka dogara da abin da makarantar ta rubuta game da kanta.

Amincewar ma ba ta wanke komai. A 1992 Amurka ta hana kuɗin tarayya ga makarantun da fiye da rabin karatunsu daga nesa ne. Da aka janye dokar a 2006, makarantun kasuwa suka bazama neman ɗalibai, don kowane ɗalibi da jakar kuɗin gwamnati yake zuwa. Rukunin kwalejojin Corinthian ya durƙushe a 2015, kuma sai a 2022 gwamnati ta yafe dala biliyan 5.8 da ke kan tsofaffin ɗalibansa kimanin 560,000. Shekara bakwai suna ɗauke da bashin makarantar da ba ta nan. Duk makarantar da ta fi ka zumuɗin cike maka fom ɗin lamuni, ka tsaya ka tambayi mutum nawa cikin ɗari ke kammalawa a wurinta.

Na manyanta, ko kuma ina da digiri. Zan samu?

Shekaru ba su cika zama shinge ga lamunin kuɗin makaranta ba. Ingila ba ta sa iyaka a kansa, Jamus kuma ta ɗaga iyakar shekarun BAföG zuwa 45 a 2022. Riƙe digiri ne ya fi hanawa. Tallafin Pell na wanda bai yi digirin farko ba ne, Ingila ma ta daɗe ba ta biya wa mutum karatu daidai da matakin da yake da shi, in ban da wasu fannoni kamar aikin jinya da koyarwa.

Akwai ƙari ga masu naƙasa da masu yara?

Akwai a wurare da dama, kuma yawanci kyauta ne. Alawus ɗin ɗalibai masu naƙasa na Birtaniya ba ya duba kuɗin shigar gida, ya haɗa da masu karatu daga nesa, kuma yana biyan abubuwa kamar manhajar karanta rubutu da mai fassara da yaren kurame. Fom ɗinsa daban ne, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Tallafin renon yara kuwa sau da yawa na masu cikakken lokaci ne.

Ni baƙo ne a ƙasar da nake son karatu. Gwamnatinsu za ta taimaka?

Lamuni da tallafin da muka yi ta magana a kansu na 'yan ƙasa ne da waɗanda suka daɗe da zama bisa doka. Ƙofar baƙo ita ce guraben da gwamnatoci ke ware wa 'yan waje: Fulbright na Amurka tun 1946, guraben Commonwealth tun 1959, Chevening na Birtaniya tun 1983, da na hukumar DAAD ta Jamus. Mafi yawansu na digiri na biyu ne zuwa sama, kuma Chevening na sharɗanta komawa gida na aƙalla shekara biyu. Abin da ya fi shafar mai karatu daga nesa shi ne Commonwealth tana da gurbi na musamman da ke biya wa mutum digiri na biyu a jami'ar Birtaniya yana zaune a ƙasarsa yana aikinsa.

In na koma wata ƙasa da aiki, bashin ya faɗi?

Bai faɗi ba. Ingila da Ostareliya suna buƙatar ka riƙa sanar da su abin da kake samu a waje. Niyu Zilan ba ta ɗora ruwa ga mazauna gida, amma tana ɗorawa ga wanda ya fita, kuma a 2016 aka fara kama mai taurin bashi a filin jirgin sama.

Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini. In ba shi?

A'a. Cike fom ɗin tallafin gwamnati kyauta ne, kuma hukuma ba ta kiran ɗalibi ta nemi lambar sirrin asusunsa. Saƙonnin damfara sun fi yawa a makonnin da ake sa ran fitar kuɗi, suna cewa an rufe asusunka sai ka danna wani adireshi. Rubuta adireshin hukumar da hannunka ka shiga ka duba.

Yaushe zan nema?

Ranar da aka buɗe. Wasu tsare-tsaren, kamar na Ingila, suna barin ka nema tun kafin ka tabbatar da jami'ar da za ta ɗauke ka, ka gyara daga baya. A Jamus ba a biyan watannin da suka wuce kafin ka miƙa takarda, don haka jinkirin wata ɗaya asarar kuɗin wata ɗaya ne. Tanadi katin shaida, takardar shiga makaranta, shaidar kuɗin shiga da lambar asusun banki mai sunanka, kuma ka tabbata rubutun sunan iri ɗaya ne a dukkansu, domin harafi ɗaya kan riƙe fom makonni. A mafi yawan ƙasashe kuma ana sabunta nema duk shekara.